Abin da Na Danna da Abin da Na Faɗa

Tun da na fara wannan rubutu nake kewaye babin nan kamar mai kewaye kwata. Na ba ku labarin tarewata a Gyadi-Gyadi, da na keken ɗinkin da ya ciyar da ku, da na rasuwar mahaifinku, amma na san duk ba su kuke jira ba. Abin da kuke jira shi ne in faɗi dalilin da ya sa na ce wa babban yayanku kada ya dawo gida. Zainab, da yake ita bakinta ba ya shiru, ta faɗa mini a gaban idona cewa uwa mai taurin zuciya ce kawai za ta yi haka. Sauran kun faɗa a bayan idona, kuma duk ya dawo kunnena. To ga yadda aka yi. Ban yi muku alkawarin za ku gane ba, don ni da abin ya faru a kaina har yau ban gama ganewa ba.

Ku kun taso kuna ganin uwa ta ɗora hoton ɗanta na fari a waya, ta rubuta sunansa ƙuru-ƙuru, har da su zanen zuciya. Mu ba haka aka raine mu ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama ana hira da shi. Ranar da aka yaye yayanku, yayar mahaifinku, Gwaggo Asabe, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Tarauni, kuma a can ya girma. Ita yake ce wa Umma, ni kuwa Yaya. In na dafa abin da na san yana so, sai in ce a kai wa mutanen Tarauni. In ya zo gaisuwa ya durƙusa, sai in amsa ina kallon allura. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙiyayya, hasali ma yabona ake yi a dangi, ana cewa Rabi akwai kawaici. Ni kuwa son da nake masa har tsoro yake ba ni, kada wani ya gano shi a fuskata.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ya kusa talatin, yana aikin kwamfuta a wani ofis. Wata rana Gwaggo Asabe ta zo, tun kafin ta cire mayafi ta ce:

"Rabi, ɗan naki fa ya zama mai gem."

Na ce, "Gem kuma? Irin wanda yara suke taruwa a shago suna ihu a kansa? Da gemunsa?"

Ta ce, "Ba bugawa yake yi ba. Ƙerawa yake yi."

Ni ban san ana ƙera wasa ba. A sanina wasa samunsa ake yi, kamar yadda muka samu carafke da 'yar ɓuya, ba wanda ya san mafarinsu. Ashe shi da Blessing, 'yar maƙwabciyarmu Maman Blessing mai kantin kayan shayi, sun fi shekara suna wannan aiki. Ita ke zana mutane da gidaje, shi ke sa su motsi. Yarinyar nan a gabana ta koyi tafiya, Hausarta ta fi ta wasunku, amma ban taɓa sanin zanen da take ɓata bangon uwarta da shi zai zama sana'a ba.

Ran wata Asabar bayan azahar sai ga su su biyu. Ya zauna a bakin tabarma, nesa da ni, ya dubi Zainab.

"Zainab, ki tambayi Yaya ko za ta gwada mana abin nan. Duk waɗanda suka gwada yara ne, muna son mu ga yadda manya za su yi."

Na ce, "Ki ce masa ina da ɗinkin biki."

Amma hannuna ya riga ya miƙa. Ya sa abin a wayata, ya yi wani dogon bayani, ciki har da cewa duk abin da aka danna suna gani don su san inda za su gyara. Na gyaɗa kai. Ai dole su gani, ga su zaune kusa da ni.

Da aka buɗe, sai ga wata mata 'yar ƙarama da zane da ɗankwali tsaye a tsakar gida, ga murhu, ga randa, ga igiyar shanya. Blessing ta ce wannan matar ni ce, wato mai riƙe da wayar, kuma ɗana zai yi tafiya mai nisa da yamma, aikina shi ne in shirya shi. Na riƙe waya ina jira matar ta fara. Ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta. Can na ce ko caji ne ya ƙare.

Blessing ta yi dariya ta ce, "Mama, ai ke take jira. In ba ki taɓa ta ba, haka za ta kwana a tsaye."

Wannan shi ne abu na farko da ya ɗaure mini kai, kuma har yanzu bai sake ni ba. Na saba da fim, ka zauna ya yi ta zuba, ko ka tashi ka duba tukunya bai damu da kai ba. Na saba da tatsuniya, mai bayarwa ce ke riƙe da akala, mai sauraro nasa "uhm" ne kawai. Wannan kuwa labari ne da ba ya gaba sai ka tura shi, kamar motar da batirinta ya mutu. Na rasa ko ni ake ba labarin, ko ni ke bayarwa.

Na tura matar ta fita waje. Sai ga layinmu sak, har da kantin Maman Blessing da mai shayi na kan kwana. A ƙofar masallaci akwai dattawa uku zaune a kan tabarma, matar nan ta wuce su fuu, ko kallo. Na ajiye wayar.

"Zainab, ki tambaye shi, wace irin mata ce wannan? Gidan wa aka raine ta?"

Ya ce, yana kallon ƙasa, "Ba mu sa gaisuwa ba, Yaya. Ba ta cikin abin da ake buƙata a ci wasan."

Na ce, "To ni ba zan wuce su ba."

Da suka dawo bayan mako guda sun sa gaisuwa. Daga baya Blessing take gaya mini cewa duk dattijon da aka ba ya gwada, a nan ƙofar masallaci yake ƙare rabin lokacinsa, yana tambayar gajiya da iyali, yaron kuwa yana can gida jakarsa wayam. Suka rasa ko sun gyara wasan ne ko sun ɓata shi. Ni ma ban sani ba, amma dai na fi samun nutsuwa.

Akwai kuma wata adaidaita sahu da aka gicciye a bakin titi. Na so in tsallaka in leƙa gidan ƙawata da ke ɗaya hannun, na yi na yi, matar ta ƙi wucewa. Na ce a ce wa direban ya matsa. Yayanku ya ce ba direba, kuma bayan adaidaitar nan babu komai, bai gina can ba. Na ce babu komai kamar yaya, ai ga saman gidaje nan ina hange. Ya ce hoto ne kawai. Wannan magana ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. An ce mini ni ke da zaɓi, in je inda nake so, amma ashe inda nake so ɗin ma sai inda ya riga ya share mini. Na sa Zainab ta tambaye shi: in shi ya rubuta duk hanyoyin, ya kuma rubuta ƙarshen kowacce, to ina zaɓin nawa yake? Ya ce shi ya gina ɗakunan, amma bai san wanda zan shiga ba. Na ce wannan zance ya fi kama da na malamai, a bar shi haka kada mu yi saɓo.

Kasuwar cikin wasan kuwa na ji daɗinta. An ba ka jaka ƙarama, ba ta cin komai da komai, sai ka zaɓa. Yara, in ji Blessing, takalmi da agogo suke lodawa. Ni na zuba yaji, da kuka, da dambun nama, da bargo. Da na ga akwai allura da zare na ɗauka, na cire kuka. Na fi minti goma ina sakawa ina cirewa, har na manta suna zaune.

Sai aka zo tasha. Yaron ya saɓa jakarsa, mota ta cika saura shi, ya juyo yana kallon uwarsa. A ƙasan wayar rubutu uku suka fito, wai in zaɓi abin da za ta ce. Na farko, ta kira sunansa ta ce tana alfahari da shi. Na biyu, ta riƙe hannunsa ta ce kada ya tafi. Na uku, ta yi masa faɗa ta ce kada ya kuskura ya manta gida. Na karanta su sau biyu. Na nemi na huɗu, babu. Yatsana ya tsaya a sama. Yaron yana ta kallona, yana ɗan gyara igiyar jakarsa, ya sake gyarawa.

Blessing ta leƙo ta ce, "Ya maƙale ne? Kawo in gani." Ta duba ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Mama, nan za ki danna, ko nan, ko nan. Kamar dai yadda kika yi a kasuwa."

Na ce, "Na gani."

"To danna ɗaya mana."

Na ce, "Idona ne ya gaji." Na miƙa mata wayar na koma kan keke.

Ita ta ɗauka ban iya ba ne, har tana cewa za su ƙara wa rubutun girma saboda tsofaffi. Ba laifinta ba ne, a gidansu uwa rungume ɗanta take yi a bakin titi. Abin da ban iya gaya mata ba shi ne, a cikin ukun nan babu wanda uwa irina za ta faɗa wa ɗan fari, kuma ga yayanku zaune taku huɗu daga inda nake. Abin da za ta faɗa ta riga ta faɗe shi a cikin jaka. Da aka kai wa Gwaggo Asabe wasan, ko numfashi ba ta ja ba ta danna na farko. Ai ita ba ita ta haife shi ba.

Wasan nan ne ya yi wa yayanku hanya. Wani kamfani a Kanada ya gani, suka neme shi, ya yi ta jarrabawa ta waya, suka ɗauke shi. Ta bakin Gwaggo na ji. Na ɗinka masa kaya kala huɗu, na kwana biyu ina dakan dambu, na ce a kai wa mutanen Tarauni. Ranar tafiya ya zo da hantsi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina.

"Yaya, zan tafi."

Na ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Bai tashi ba. Ina jin sa a bayana, ina taka keke a kan ƙyallen da ba ya buƙatar ɗinki. Ya jima, sannan na ji ƙarar takalminsa. Ban juya ba sai da na ji an rufe ƙofar gida.

Abin nasa yana nan a wayata, ba wanda ya cire. Bayan kamar mako biyu, da la'asar, masu kawo ɗinki sun watse, na buɗe shi. Na gaida dattawa, na shiga kasuwa, na cika jaka, na zo tasha. Na zauna ina kallon yaron yana gyara igiyar jakarsa har aka kira magariba, na kashe. Washegari na sake. Kada in ja ku da nisa, wata biyar na yi ina haka, kusan kullum. Ba cin wasan nake nema ba. A nan ne kawai zan iya kallon fuskar yaron yadda nake so, ba mai cewa Rabi ta yi rashin kunya. Ko kama da yayanku bai yi ba, ɗan zane ne mai ƙaton kai, amma ni na san wanda nake kallo.

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah na gama ɗinkin mutane, na ga ragowar shadda mai ruwan toka da ta isa riga ɗaya, na kuma tuna ba wanda zan ce a kai wa. Na ɗauki waya na zo tasha. Na waiga, ba kowa a gidan. Na ce a raina ai wasa ne, matar cikin waya ce za ta faɗa ba ni ba. Na danna na biyu. Matar ta riƙe hannunsa ta ce kada ya tafi. Yaron ya sauke jakarsa, motar ta tashi ta bar shi, suka hau adaidaita suka koma gida tare. Na yi kukan da ban yi ba ranar da ya tafi, na wanke fuskata, na ɗora miyar Sallah.

Kwana tara bayan nan, Gwaggo Asabe ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, Zainab na biye da ita.

"Rabi, me kika ce wa yaron nan?"

Na ce, "Ni? Yaushe rabon da in yi magana da shi?"

"To ya ce zai ajiye aiki ƙarshen wata. Wai uwarsa ta ce ya dawo."

Na ce, "Ke ce uwarsa, ke kika sani."

Ta ce, "Kada ki raina mini hankali. Ya ce ke."

Zainab ta karɓi wayata ta duba, ta dube ni, ta zauna a ƙasa. Ta ce wanda ke wayata na gwaji ne, ba irin wanda aka sake wa jama'a ba. Duk abin da aka danna, da tsawon lokacin da aka tsaya a kowane wuri, yana tafiya ne kai tsaye zuwa kwamfutarsa, ko yana bangon duniya.

"Ai ya faɗa miki tun ranar farko, Mama."

Ya faɗa, ban musa ba. Ni na ɗauka gani irin na ido yake nufi. Ashe duk la'asar ɗin nan da nake zaune ina ganin ni kaɗai ce, yana can da safiyarsa yana kallon uwarsa ta zo tasha ta tsaya, ta koma, ta sake dawowa. Na ji kamar ina wanka katanga ta faɗi. Na ce wannan ai cin amana ne, na ce ai wasa ne, na ce ba ni na faɗa ba. Har yau in aka tambaye ni ko na yi magana da shi a wannan jajibiri ko ban yi ba, ban san amsar da zan bayar ba.

Amma abu ɗaya na sani sarai. Yaron nan tun yana ƙarami ba abin da ya taɓa nema ya samu irin wannan aiki. Gwaggo ta sha gaya mini yadda muryarsa take in yana zancensa. In ya dawo, ofishin da ya bari an ba wani, zai zauna ne a Tarauni yana gyara wa mutane kwamfuta, saboda wata tsohuwa ta ga ragowar shadda hankalinta ya tashi. Na ce wa Gwaggo ta gaya masa ya zauna.

Ta ce, "Na gaya masa sau uku. Ya ce in ba daga bakinki ba, ba zai fasa ba."

Zainab ta kira shi ta miƙo mini. Shekara talatin ban taɓa fara yi masa magana ba. Na riƙe wayar da hannu biyu.

Ya ce, "Salamu alaikum. Yaya?"

Na amsa, na ce, "An ce za a bar aiki."

"E."

"Kada a bari. A zauna."

Ya ce, "Ke kika ce in dawo."

"Matar cikin waya ce ta ce."

"To ke me kika ce?"

Gwaggo da Zainab sun zuba mini ido. Na juya musu baya na fuskanci bango.

Na ce, "Na ce ka zauna ka yi aikinka. Aikin yana da kyau. Na shiga kasuwar nan fiye da sau ɗari, ban gaji da ita ba. Wanda ya yi wannan ba zama a gida ya kamace shi ba."

Na ji numfashinsa ya canza. Ya ce, "To wanne ne gaskiya, wanda kika danna ko wannan?"

Na ce, "Duka biyun."

"Ai ba a zaɓar biyu, Yaya."

Na ce, "Wannan kuma kai ka gina shi haka."

Ya yi wata irin dariya da ban iya bambance ta da kuka ba, ya ce to, ya ji, zai zauna. Na miƙa wa Zainab wayar. Ita abin da ta riƙe a cikin zancen nan duka shi ne "a zauna," kuma shi ta kai muku.

Ya zauna ɗin. Bana shekara shida ke nan, sau biyu ya zo. Gwaggo Asabe ta rasu ba ya nan. Ya yi aure a can, bara aka haifa masa 'ya, ban taɓa jin nauyinta a hannuna ba. Duk wannan ni na jawo da bakina, ba wanda ya tilasta ni, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da kawai nake so ku daina faɗa shi ne wai ban so ya dawo ba. Ba a taɓa wayar gari ba na son ya dawo ba.